Yadda Ake Fara Fafutukar Sauyin Yanayi Daga Bakin Ƙofa

Tambayar da aka fi yi mini bayan an tashi taro ita ce: "To ni yanzu me zan yi?" Mai tambayar ya ga zafi yana ƙaruwa shekara bayan shekara, ya ga ruwa ya shiga gidajen da bai taɓa shiga ba, hankalinsa ya tashi. Amma shi ba minista ba ne, bai karanta kimiyya ba, ba shi da kuɗin jirgin zuwa taron ƙoli. Don shi na yi wannan rubutu, da kuma 'yar'uwar da ta tsaya a bayansa tana jin kunyar tambaya. Abin da zan faɗa na koye shi ne a ƙananan ƙungiyoyi, irin masu taro a ajin makaranta bayan an tashi yara, waɗanda duk dukiyarsu ba ta wuce littafi ɗaya da bokitai da lambobin wayar juna ba.

Ba sai ka zama masani ba, amma akwai 'yan lambobi da ya kamata su zauna maka a ka, saboda ranar da wani zai ce maka duk zancen banza ne. Kafin masana'antu su duƙufa ƙona kwal da man fetur da gas, iskar kabon kashi 280 ce a cikin kowane kashi miliyan na iskar da ke sama. Yau ta haura 420. Ita ce ke tare zafin da ya kamata ya fice daga duniya. A 2015 ƙasashe kusan 200 suka amince a birnin Faris cewa za su yi iya ƙoƙarinsu kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Sai ga 2024 ta zo, Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kusan digiri 1.55. Nahiyar Afirka baki ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ake fitarwa ba, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Wannan ya ishe ka farawa.

Akwai wata lamba kuma da na fi so a kan duk waɗannan. A 2024 an wallafa wani bincike da aka tambayi mutane kusan 130,000 a ƙasashe 125. Kashi 89 cikin 100 suka ce suna son gwamnatinsu ta ƙara himma kan sauyin yanayi, kashi 69 suka ce za su iya ba da kashi 1 cikin 100 na abin da suke samu. Kuma kusan a ko'ina, mutane sun zaci masu irin ra'ayinsu ba su kai haka yawa ba. Wato maƙwabcinka ma abin yana damunsa, ya yi shiru ne don yana zaton shi kaɗai ne.

Kama matsala guda, wadda ake iya nunawa da yatsa

Ƙungiyoyi da yawa suna mutuwa tun ranar suna, saboda sun ce za su "yaƙi sauyin yanayi". Wa za ka je wa da wannan? Ina za ka fara haƙa? Ku zaɓi abu ɗaya da kowa a unguwa ya san inda yake: magudanar da ta toshe, duk damina sai ta mayar da ruwa cikin gidaje, makarantar da yara ke suma a cikinta da rana saboda ba inuwa, jujin da ake cinna wa wuta hayaƙi ya kwana a ɗakunan mutane, filin da ake shirin sare itatuwansa, gaɓar rafin da ke zaizayewa.

Kafin ku tsayar da shawara, ku auna abin da tambayoyi uku. Mutane suna jin zafinsa a jikinsu? Akwai wani takamaiman mutum ko ofis da ke da ikon gyara shi? Za a iya ganin canji kafin shekara ta zagayo? In biyu daga ciki "a'a" ne, ku ajiye shi zuwa gaba. Nasarar farko, komai ƙanƙantarta, ita ke sa mutane su dawo taro na gaba.

Wangari Maathai ta Kenya da itatuwa bakwai ta fara, ranar 5 ga Yunin 1977 a Nairobi. Ba ta je wa matan karkara da bayanin iskar kabon ba. Ta saurari kukansu ne: itacen girki ya yi nisa, rafuka suna ƙafewa, ƙasa ta daina ba da abinci. Daga nan ƙungiyarta ta dasa itatuwa sama da miliyan 50, ita kuma ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Darasin da na ɗauka a wurinta shi ne a fara da saurare. Ku zaga gida-gida ku tambaya, "Me ya canza a nan cikin shekara ashirin?" Tsofaffi za su gaya muku inda rijiya take da, inda kurmi yake, watan da ruwa ke sauka a zamaninsu. Ku rubuta.

Ku kuma riƙe gaskiya. Ba kowace ambaliya ce laifin sauyin yanayi kaɗai ba. Ruwan sama ya ƙara ƙarfi, haka ne, domin iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, amma wanda ya gina gida a kan hanyar ruwa da wanda ya cika kwata da leda su ma suna da hannu. In kuka faɗi duka biyun, mutane za su yarda da ku.

Mutanen da za ku nema

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kada ku jira sai kun cika ɗaki. Mutum biyar zuwa bakwai masu cika alkawari sun fi ɗari biyu da suka shiga zauren WhatsApp suka yi shiru. Ku nemi wanda ya iya rubutu, da wadda mata ke jin maganarta, da wanda ya san ƙasa da shuka, da wanda ya saba shiga ofisoshi, da matashi mai iya ɗaukar hoto da waya. Kar ku kira su a taron jama'a. Ku same su ɗaya bayan ɗaya, ku roƙi abu ƙarami mai iyaka: "Za ka iya zuwa ranar Asabar da safe, awa biyu, mu auna zurfin magudanar nan?" Mutum ya fi amsa irin wannan roƙo a kan "zo ka shiga ƙungiyarmu".

Taro ya zama yana da rana da lokaci da ba sa canzawa, kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ba a tashi sai an rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe. Taro na gaba da wannan takarda ake buɗe shi. Ku sa lokacin da mata za su iya zuwa, domin a mafi yawan wurare su ne ke ɗebo ruwa, su ne ke shaƙar hayaƙin murhu, su ne suka fi sanin gidan da ke da mara lafiya. Ku je wurin shugabannin addini da na unguwa da malaman makaranta tun da wuri, kafin labari ya iske su a bakin wasu. Wanda aka gaya wa tun farko yakan zama uban tafiya, wanda ya ji daga baya yakan zama mai tare hanya.

Littafi

Wannan shi ne aikin da ba wanda yake so, kuma shi ne makaminku. Ku sayi littafi mai kauri. Duk ranar da ruwa ya shiga gidaje, a rubuta kwanan wata, da gidaje nawa, da abin da ya lalace. A sa fenti a jikin bango daidai inda ruwan ya tsaya, a rubuta shekara a gefe. Hoto kuma a riƙa ɗaukarsa daga wuri ɗaya kullum, da wata alama da ba ta motsi, kamar turken wuta ko kusurwar gini, don mai kallo ya ga bambanci da idonsa.

Auna ruwan sama ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a ajiye shi a fili nesa da rufi da bishiya, a auna da rula kowace safiya a lokaci guda, a zubar. Zafi kuma a rataye ma'auni a inuwa, daidai tsayin ƙirjin mutum, ba a jikin bango mai ɗaukar rana ba. Yaran makaranta suna son wannan aiki ƙwarai, kuma sun fi manya kiyaye lokaci. Jami'in da za ka ce wa "muna shan wahala" zai ce Allah ya kawo sauƙi. Wanda ka ajiye wa kwanaki da hotuna da sunayen tituna a gabansa, dole ya ɗauki biro.

Maganar itatuwa, wadda ita ce ta fi ɗaukar hankali kuma ta fi lalacewa

Na sha ganin bikin dashe: an kafa rumfa, babban baƙo ya zo ya riƙe shebur, an ɗauki hoto, an sanar da dubbai. Ka koma bayan rani ka tarar da ramuka da sanduna, awaki sun cinye sauran. Abin yana ƙona mini rai, saboda yaran da suka yi dashen sun ga abin da ya faru, kuma sun koyi cewa aikin na hoto ne. Ƙungiyar Maathai ta gane wannan tun da wuri: ɗan ihisanin da take ba mata ba na dashe ba ne, na itacen da ya rayu ne. Ku ma ku yi lissafinku haka. Kada ku ƙirga ranar dashe, ku ƙirga bayan rani na farko da na biyu.

Saboda haka kafin a haƙa rami ɗaya, a san mai kowace bishiya da sunansa, a san inda ruwan ban ta zai fito a watannin da ba ruwan sama, a san mai filin ya yarda, a tanadi shinge. In ƙarfinku na itace talatin ne, ku dasa talatin. Ku zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, kuma wanda mutane ke da amfani da shi, ko 'ya'ya, ko inuwa, ko ganyen dabbobi, domin ba a barin abin da ake mora ya mutu. A yi dashe a farkon damina bayan ƙasa ta jiƙu sosai. Rami ya fi ledar dashen faɗi sau biyu, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, kada a binne wuyan shukar ya wuce inda yake a da. A yi mata ɗan kwano na ƙasa a kewaye don ruwa ya zauna, a rufe da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin shukar. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, don shi ke sa saiwa ta nutse ƙasa.

Kafin ma ku sayi dashe, ku dubi ƙasa da kyau, wataƙila itatuwan suna nan a ƙarƙashinku. A farkon shekarun 1980 a yankin Maraɗi na Nijar, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sarewa duk shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu tana raye. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta, suka yaɗa ta gona zuwa gona da sunan sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 sun dawo ta wannan hanya, akasarinsu ba tare da an dasa ko an yi ban ruwa ba.

Ga yadda ake yi. Ka sami kututture mai toho, ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, kuma sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura tsumma mai launi don kowa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa, abin da ka sare kuma ya zama itacen girki. Na riƙe irin wannan reshe a hannuna yana kamar kaurin yatsa, na dawo na tarar ya fi ni tsawo, saboda tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, wadda ta riga ta kai ga danshi. Wurin da abin ke cijewa ba a gonar ba ne, a yarjejeniya ne: sai manoma da makiyaya da masu saran itace sun zauna sun amince wa ke da ikon wace bishiya, in ba haka ba dare ɗaya a kwashe wahalar shekara uku.

Inda ƙasa ta bushe ta yi tauri har ruwa ba ya shiga, akwai dabarar Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023. Ramuka yake haƙawa da rani, ya zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanyar nutsewa. Mutane sun yi masa dariya da farko. Daga baya fako ya zama kurmi, shi da Rinaudo kuma suka karɓi kyautar girmamawa ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018.

Zuwa ofis

Duk yawan bokitanku ba za su gina babbar magudana ba, kuma ba za su hana ba da izinin gini a hanyar ruwa ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma a nan ne ƙungiyar sa-kai ke zama ƙungiyar fafutuka. Ku fara gano wanda ke da alhakin abin, da sunan muƙaminsa. Sau da yawa ba shugaba ba ne, wani injiniya ne ko jami'in tsare-tsare a ɗaki na baya.

Takarda shafi ɗaya ta isa. Ku faɗi ko ku su waye, me ke faruwa, a ina, tun yaushe, sannan buƙata guda ɗaya da lokacin da kuke son a yi ta: a yashe magudana kaza daga nan zuwa can kafin ruwa ya sauka. Ku haɗa hotuna da sa hannun mazauna wurin. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku dawo da shi. Wannan hatimi ya fi alkawarin baki goma.

In an ba ku ganawa, mutum uku suka isa: wanda abin ya shafa kai tsaye ya ba da labarinsa, mai littafi ya kawo lissafi, na ukun ya rubuta duk abin da aka ce. Kada ku fita sai kun tambaya, "Yaushe za mu dawo?" Ku dawo a ranar, ko an kira ku ko ba a kira ba. Ku san watan da ake tsara kasafin kuɗi, domin koken da ya zo bayan an rufe kasafi sai baɗi. Lokacin zaɓe kuma ku gayyaci 'yan takara duka, ba na jam'iyya ɗaya ba, ku yi musu tambaya iri ɗaya a gaban jama'a, ku ajiye amsar. Ranar da jami'i ya cika alkawari, ku gode masa a fili da sunansa. Mutane suna mantawa da wannan, alhali shi ke buɗe ƙofa karo na biyu.

Akwai kuma abin da za ku riƙe a hannu: kowace ƙasa da ta shiga yarjejeniyar Faris tana miƙa alkawuranta a rubuce duk shekara biyar, kuma takardun suna intanet. Ku nemo na ƙasarku, ku karanta sashen da ya shafi matsalarku. Ba sabon abu kuke roƙo ba, abin da gwamnati ta riga ta sa wa hannu kuke tuna mata.

Shirin ranar wuya

In aka ce in zaɓi aiki ɗaya da ya fi saurin ceton rai, wannan zan zaɓa. A 1970 guguwa ta kashe aƙalla mutum 300,000 a yankin da ya zama Bangaladash. Bayan nan aka kafa rundunar 'yan sa-kai na ƙauyuka, yau sun haura 70,000, masu zagayawa da lasifika da tutoci suna kai mutane mafaka. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan 2, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai ɗari ba. A birnin Ahmedabad na Indiya, zafin watan Mayun 2010 ya yi ajalin mutum sama da 1,300. A 2013 birnin ya fito da tsarin gargaɗin zafi, da wuraren shan ruwa, daga baya kuma aka ƙara da shafa farin fenti a rufin gidaje.

Unguwa tana iya yin ƙaramin irin wannan da kanta. A rubuta gidajen da ke da tsofaffi, da masu juna biyu, da jarirai, da naƙasassu, a ba kowane gida mutum ɗaya mai leƙa shi. A san tudun da za a gudu, da hanyar da ba ta yankewa, da wanda zai kira wa. Wani ya ɗauki nauyin bin hasashen hukumar yanayi yana sanar da jama'a cikin harshen da suke ji. A koya wa kowa alamun bugun zafi: jiri, ruɗewa, jiki ya yi zafi rau. A kai mutum inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. A gwada shirin sau ɗaya kafin lokacinsa.

Murhu da juji

Mutum sama da biliyan 2 a duniya da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki, kuma hayaƙin cikin gida yana kashe kusan miliyan 3 a shekara. Kada in ji ɗan fafutuka yana zagin matar da ke girki da itace. Ba ita ta ɗumama duniya ba, kuma ba ta da zaɓi. Ku kawo mata murhu mai tsimin itace ta gwada da tukunyarta, ta faɗi aibinsa, a gyara. Shara kuma a raba mai ruɓewa daban a yi taki da ita, domin in ta ruɓe a binne cikin juji tana fitar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 ta fi kabon riƙe zafi sau 80 da ɗoriya. Masu tsintar roba da ƙarfe sun riga ku wannan aiki, ku jawo su ciki a matsayin abokan aiki.

Kuɗi, kotu, titi, da tsaron kai

Ku fara da karo-karon junanku. Ma'aji daban, mai sa hannu mutum biyu, kuma a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro, ko da na sayen igiya ne. Akwai tallafi na gaske, kamar shirin ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya da ke aiki tun 1992, amma wanda ya zo da littafin aikin shekara guda ya fi samun shiga. Ƙungiyar da aka kafa don tallafi, ranar da tallafi ya ƙare ita ma ta ƙare. In wasu suka zo da takardar cinikin kabon, wato yarjejeniyar biyan ku kuɗi saboda iskar kabon da itatuwanku ke zuƙewa, suna son ku sa hannu a kan filin al'umma na shekaru masu yawa, kada a sa hannu sai lauyan da ku kuka nemo ya karanta, an kuma bayyana wa kowa a fili.

Fitowa titi tana da ranarta. Greta Thunberg tana da shekara 15 ta zauna ita kaɗai a gaban majalisar Suwidin tana neman a ɗauki mataki kan sauyin yanayi a watan Agustan 2018, bayan shekara ɗaya miliyoyi suka fito a faɗin duniya. Vanessa Nakate ta Yuganda ta fara nata a Kampala a Janairun 2019. Kotu ma hanya ce: ƙungiyar Urgenda da 'yan ƙasa kusan 900 sun kai gwamnatin Holan ƙara, a 2019 kotun ƙoli ta tilasta mata rage hayaƙi da aƙalla kashi 25 cikin 100. A Afrilun 2024 tsofaffin mata sama da 2,000 na Suwizalan suka yi nasara kan gwamnatinsu a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. A ganina waɗannan matakai na bayan an kai takarda an yi shiru ne, kuma littafin nan shi ne zai zama shaida.

Sai dai a yi hattara, don abin yana da haɗari inda ya taɓa kuɗin manya. Ƙungiyar Global Witness ta ƙirga masu kare ƙasa da muhalli 196 da aka kashe a 2023 kaɗai. Berta Cáceres ta Honduras, wadda ta tsaya kan hana gina madatsar ruwa a kogin al'ummarta, a gidanta aka harbe ta a 2016. Ku san dokar taro ta ƙasarku. Kada mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ne fuskar tafiya. Kada a je wurin rikici a kaɗaice, kada a zargi kowa da suna sai da hujja a hannu, kada a sa hoton yaro ko na wanda bai yarda ba. Kwafin takardunku ya kasance a wuri fiye da ɗaya, kuma ku san lauya da ɗan jarida tun kafin ku buƙace su.

In kai ba mai zuwa taro ba ne

Da yawa suna so amma aiki ko jiki ko yara ba za su bari ba. Akwai wurinku. Mai mota ya kai ruwa wurin dashe sau ɗaya a mako da rani. Malama ta ba ajinta aikin auna ruwan sama. Ma'aikaciyar jinya ta koyar da taimakon farko na awa ɗaya. Mai shago ya ajiye takardar sa hannu a kan teburinsa. Wanda ya iya lissafi ya duba littafin ma'aji duk wata uku. Mai fili ya ba da kusurwa a yi renon dashe. Wanda ke nesa ya ɗauki nauyin shinge, ya kuma nemi a turo masa hoton itatuwan bayan rani. Dattijon da ba ya iya fita, a je a ɗauki muryarsa yana faɗin yadda wurin yake a da, a kunna wa jami'ai.

Ku kuma da ke jan tafiyar, gajiya za ta zo, musamman a shekara ta biyu, lokacin da sabon abu ya zama aiki. Ku riƙa karɓa-karɓa. Kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki ƙarami da ke bin sa ofis, yana ganin yadda ake magana da yadda ake karɓar hatimi. Duk shekara a zauna a duba littafi: itace nawa ya rayu, takarda nawa aka amsa, gida nawa ruwa ya shiga bana in an kwatanta da bara. Abin da bai yi ba a bar shi, a zaɓi matsala ta gaba, a sa ranar taro kafin a watse.